Kada Mu Bari Tashe Ya Mutu a Hannunmu

Bazara a Kaduna lokacin neman inuwa ne. Daga tsakiyar Maris zuwa farkon Mayu rana kan fito da ƙarfinta tun hantsi, kwanon ɗaki ya ɗauki zafi, ruwan randa ya yi ɗumi, mangwaro ya cika bakin titi tun daga Kawo har Unguwar Sarki. Ko a tsarin kakanninmu ba a ajiye manyan wasanni a wannan lokaci. Dambe da kokawa da kalankuwa duk na kaka ne, sa'ad da rumbu ya cika, hankali ya kwanta. Bazara ta sharar gona ce da gyaran garma, da kallon gabas ana jiran hadari.

Sai dai a 'yan shekarun nan azumin watan Ramadan ya riƙa faɗowa cikin bazara. Ƙaramar Sallah ta kama 2 ga Mayu a 2022, da 21 ga Afrilu a 2023, da 10 ga Afrilu a 2024, sannan 30 ga Maris a 2025. Saboda haka duk abin da unguwa irin tamu, Unguwar Dosa, take da shi na fasaha da al'ada ya taru cikin waɗannan makonni na zafi. Bukukuwan aure sukan cunkushe a watan Sha'aban, domin kowa na so amarya ta tare kafin a ga wata. Makarantun Islamiyya sukan yi walimar sauka. Teloli sukan kwana a kan keke, masu aikin hula da masu lalle ba su da lokacin gaisuwa. Da rana kuma murya mai daɗi ta alarammomi masu jan baki takan cika unguwa daga masallatai da rediyo, al'adar da Kaduna ta yi fice a kanta tun zamanin da Sheikh Abubakar Mahmud Gumi yake tafsiri a Masallacin Sultan Bello, Rediyon Kaduna na kai karatunsa har ƙasashen maƙwabta.

Duk waɗannan suna nan da ransu, wasu ma ƙaruwa suke yi. Abu guda ne yake ja da baya a kan idonmu, shi ne tashe. Ra'ayina shi ne, tashe ne gidan wasan kwaikwayo mafi girma da unguwannin Hausawa suka taɓa mallaka, kuma mu manyan yau mu ne muke barin sa ya ƙare, wasunmu da gangan, wasunmu da sakaci.

Wanda bai taso cikinsa ba zai iya ɗauka bara ce kawai da kiɗan gwangwani. To, ga abin da ke faruwa. Idan azumi ya kai kwana goma, yara sukan haɗu rukuni-rukuni ba tare da wani babba ya tara su ba. Su zaɓi wanda zai ja waƙa da masu amshi, su raba matsayi, su nemo kayan shiga. Auduga ta zama gemu, tsohuwar rigar baba ta zama alkyabba, a cusa tsumma a baya a yi doro, a shafa toka ko baƙin tukunya a fuska. 'Yan mata su kife ƙwarya a cikin ruwa su sami ganga. Daga nan su bi gida-gida, kowane tsakar gida ya zama dandali, matan gida su zama 'yan kallo, a sallame su da hatsi ko 'yan kuɗi. Rubutun labari, rabon matsayi, kwalliya, waƙa, rawa, har da lissafin abin da aka samu da yadda za a raba shi, duk yara ne ke yi da kansu. Babu wata makarantar firamare a Kaduna ta Arewa da take koya wa yaro rabin wannan a aji.

Kuma wasannin ba holoƙo ba ne. A wasan Tsoho da Gemu, yaro ne ke shiga rigar tsufa, ya tanƙware yana dogara sanda, mutane na dariya amma suna tuna cewa kowa can ya nufa, kuma tsoho abin tausayawa ne. Jatau Mai Magani yakan baje kolin saiwoyi da sassaƙe yana lissafa sunayensu da cututtukan da suke warkarwa, har yaron birni da bai taɓa shiga daji ba ya haddace sunayen itatuwan da bai taɓa gani ba. Mairama da Daudu na 'yan mata ne, ɗaya ta yi shigar namiji, a kwaikwayi zaman aure da haƙƙin da ke kan kowa. Akwai wasan malamin da ake tuhuma da yin rawa, yana musu yana kuma taka ta, wanda a ganina babu wata huɗuba da ta fi shi fallasa halin mai faɗin abu yana aikata kishiyarsa. Ga kuma tashen gwauro, wanda Kano ta ba shi muhimmanci har akwai Nalako mai jagorantarsa. Al'umma ce take duba kanta ta bakin 'ya'yanta, ta faɗa wa malami da mai gida da tuzuru gaskiyar da babba ba zai iya faɗa musu ido da ido ba, kuma kowa ya yi dariya a wuce wurin ba tare da gaba ba.

Abin da ya sa wannan magana ta fi yi mini ciwo a Kaduna shi ne tarihin garin nan. A nan aka kafa gidan rediyo da talabijin na Arewa a 1962, kuma daga nan wasan kwaikwayon Hausa na zamani ya shiga gidajen miliyoyin mutane. A nan Usman Baba Pategi ya yi Samanja Mazan Fama, ya mayar da rayuwar bariki abin dariya da darasi, da Hausarsa ta soja wadda har yau ake kwaikwayo. A nan Ƙasimu Yero ya zauna ya yi aikinsa, mutumin da ya iya fitowa a wasan Hausa da na Turanci duka ya burge. Ƙasimu ya rasu a 2017, Samanja ya bi shi a 2023, Allah ya jiƙansu. Mutanen zamaninsu sun taso ne a lokacin da kowane yaro ya san yadda ake tsayawa gaban taro a sauya murya, a sauya tafiya, a riƙe hankalin mutane. 'Yan kallon ma sun saba da wasa tun suna goye. Ƙasar da ta haifi irin waɗannan gwanaye ƙasa ce da ake wasa a tsakar gida. Idan tsakar gida ta yi shiru, daga ina muke sa ran waɗanda za su gaje su?

Dalilan ja da bayan ba ɓoyayyu ba ne, kuma ba duka ne na raini ba. Gininmu ya sauya. Gidan da yake da zaure a buɗe ya koma mai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, wani har da waya mai ƙaya a sama. Unguwar Dosa unguwa ce ta ma'aikata da 'yan kasuwa da tsofaffin sojoji da 'yan haya, mutane daga kowace kusurwa ta Arewa, kuma sau da yawa wanda ke wannan gida bai san sunan 'ya'yan na kusa da shi ba. Uwar da ba ta san gidan da ɗanta zai shiga ba tana da hujja idan ta hana shi fita. Ga wayar hannu, wadda ta ba yaro abin kallo ba tare da ya motsa daga tabarma ba. Wasu malamai kuma suna ganin dararen azumi sun fi ƙarfin kiɗa da waƙa, musamman goman ƙarshe.

Babban dalili dai shi ne tsoro. Mutanen Kaduna sun san 'yan sara-suka da masu ƙwacen waya, sun kuma san yadda wasu ƙarti kan fake da taron yara su yi ɓarna da dare. A Kano abin ya kai ga 'yan sanda sun sha fitar da sanarwar hana tashe a shekarun baya-bayan nan, saboda 'yan daba da ke shiga rigarsa. Ban raina wannan damuwa ba ko kaɗan. Duk wanda aka taɓa tare ɗansa da wuƙa a lungu ba zai saurari dogon bayani kan al'ada ba. Amma hani hukunci ne da ke faɗawa kan marar laifi. Ɗan daba ba ya buƙatar gemun auduga kafin ya yi ƙwace, yana yi kafin azumi, yana yi bayan Sallah. Wanda hanin ke korewa daga titi shi ne yaro ɗan shekara tara mai gwangwani. Titin da yara da iyaye suka ƙaurace wa da dare kuwa, ɓata-gari ne ke gadonsa.

Game da maganar malamai, ina girmama ta, kuma akwai hanyar da kowa zai samu biyan buƙata. Tashe ya rayu shekaru aru-aru a biranen da suka fi kowane gari malamai, Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato, a gaban idon alƙalai da limamai. Abin da aka sani shi ne a tsare lokaci, a tsare ladabi. Kada a yi shi lokacin asham, kada a yi a ƙofar masallaci, kada a bari zagi da batsa su shiga. Waɗannan sharuɗɗa ne da unguwa za ta iya sawa ta kuma tabbatar.

Akwai darasi a Wagadugu, babban birnin Burkina Faso. A can yara suna wani wasan azumi da ake kira Dodo, suna sa fuskokin dabbobi da suka ƙera da ƙwarya da kwali, suna bin gidaje da kiɗa bayan shan ruwa. Fataken Hausawa ne suka kai shi can a ƙarni na 19. Mutanen garin, waɗanda akasarinsu ba Hausawa ba ne, suka karɓe shi ya zama nasu, har hukuma ta shigo ana shirya gasa tsakanin rukunonin unguwanni. A ƙasashen Larabawa na bakin teku irin su Ƙatar da Kuwait ma, yara kan fita a tsakiyar Ramadan da kayan gargajiya suna waƙa ƙofa-ƙofa ana ba su alewa da gyaɗa, kuma hukumomi na alfahari da abin. Abin da kakanninmu suka kai wa wasu ana raya shi a can, mu kuma a gida muna neman hanyar rufe shi. Wannan abin kunya ne a gare mu.

Wani zai ce ai Kaduna ba ta rasa harkokin al'adu ba. Gaskiya ne. Garin nan ne ya karɓi babban hawan daba na FESTAC a 1977, aka kuma sake yin irinsa a Dandalin Murtala a 2017 lokacin cikar Kaduna shekara 100 da zama hedikwata. Bikin littattafai da fasaha na KABAFEST ya fara a 2017, bikin fina-finai na Kaduna ya biyo baya a 2018, sannan matasan Open Arts suka kawo bikin HIBAF a 2021, wanda ya sa Hausa a gaba. Ga Gidan Arewa a kan titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, cike da takardun tarihi. Ga gidan adana kayan tarihi a kan titin Ali Akilu, wanda aka buɗe a 1975. Ina yaba wa duk masu wannan ƙoƙari, domin shirya taro a ƙasar nan ba ƙaramin aiki ba ne.

To amma mu tambayi kanmu, yara nawa ne daga lungunan Unguwar Dosa ko Badarawa ko Hayin Banki suka taɓa taka ƙafa a waɗannan wurare? Tazarar ba ta kai a kira ta tafiya ba, Keke Napep ɗaya ne. Abin da ya raba su da wurin shi ne jin cewa ba nasu ba ne, na masu Turanci ne da masu katin gayyata. Hawan Sallah kuwa sai an tafi Zariya, inda Sarkin Zazzau ke fita da hakimansa, kuma ba kowane uba ke da kuɗin motar kai iyalinsa ba a ƙarshen wata mai tsada irin na azumi. Taron shekara-shekara a babban ɗaki yana da amfaninsa, amma yana zuwa ne ya wuce. Al'adar da yaro zai riƙe har tsufansa ita ce wadda ya yi da jikinsa a layinsu, tare da abokansa, ba tare da an biya kuɗin shiga ba.

Saboda haka abin da nake nema bai kai a rubuta wa gwamnati takarda ba. Aikin masu unguwa ne da limamai da shugabannin makarantun Islamiyya da ƙungiyoyin matasa. A zauna tun cikin Sha'aban a yanke lokaci, misali tsakanin la'asar da magariba ga ƙanana, da sa'a guda bayan asham ga waɗanda suka ɗan tasa. Kowane rukuni ya kasance na yaran layi ɗaya, waɗanda aka san iyayensu, da wani yayansu ko yayarsu da zai biyo su a baya. 'Yan sintirin da muke tara wa kuɗi duk wata su san da zancen, su tsaya a bakin layi. Duk ƙaton da ya shigo da sanda ko makami a san ba ɗan tashe ba ne, a yi maganinsa shi kaɗai. Mu kuma masu gida, mu buɗe ƙofa. Wannan ne ma ya fi kowanne wuya, na lura. Mutum ya dawo daga aiki a gajiye, ga zafi, ga rashin wuta, ya ji kiɗa a waje ya ce a ba su naira hamsin ta ƙasan ƙofa su tafi. Yin haka shi ke mayar da tashe bara. Yaron da aka ba kuɗi ba a kalli wasansa ba ya koyi cewa wasan ba shi da daraja, baɗi ba zai wahalar da kansa neman gemu ba, hannu kawai zai miƙa. Minti biyar na zama a kalla, a yi dariya, a gyara masa inda ya yi kuskure, sun fi kuɗin amfani.

Sannan a ware yamma guda, kafin a shiga goman ƙarshe, a tara rukunonin unguwa a filin makarantar firamare. A shimfiɗa tabarmi, iyaye mata su zauna gefe guda, dattawa gefe guda, kowane rukuni ya fito ya nuna abin da ya shirya. Kyautar ba sai ta yi yawa ba, yadin Sallah ko littattafai sun isa, kuma akwai 'yan kasuwa a unguwar nan da ke raba abin da ya ninka haka a azumi. A bar yara su ƙirƙiro sababbin wasanni kuma. Tashe bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba, kowane zamani da abin da yake yi wa shaguɓe. Yaran yau suna da ɗan siyasa mai alkawari, da mai POS da ke cewa babu sabis, da matashin da ba ya ɗaga kai daga waya ko ana gaishe shi. Na tabbata idan aka sakar musu mara za su ba mu mamaki.

Akwai kuma aikin gaggawa da ya rataya a wuyan ɗalibanmu na jami'a da kwalejoji. Kakanninmu mata da suka yi tashe a Zariya da Katsina da Daura da Kano kafin aure ya kawo su Kaduna suna nan a cikin gidajenmu, kuma kowace da irin waƙoƙin garinsu a ka. Wannan wata baiwa ce ta unguwa irin tamu, wadda ta tara mutanen garuruwa da yawa a layi ɗaya. Wayar da muke zargi da raba yara da wasa ita ce kuma za ta iya ɗaukar muryoyin nan. A zauna da su bayan shan ruwa a ɗauka, a rubuta sunan wasa da garin da ya fito, a kai kwafi Gidan Arewa ko sashen Hausa na Jami'ar Jihar Kaduna. Duk tsohuwar da ta rasu ba a ɗauki nata ba, ya tafi ke nan.

Zan ƙara da abu ɗaya da ya shafi garin baki ɗaya. Tun rikicin 2000 da na 2002 kogin Kaduna ya zama iyaka a zukatan mutane, Musulmi suka taru a arewa, Kirista a kudu, har aka samu yaran da suka girma ba su taɓa cin abincin bikin juna ba. Bazara kuwa lokacin Ista ne, kuma a 2024 Ista ta faɗo a cikin azumi. A wannan lokaci ne mutanen Ham kan yi bikin Tuk-Ham a Kwoi, ƙasar da aka tono kayan tarihin Nok. Matan zumunta a coci-coci da Hausa suke waƙoƙinsu, suna buga tulu, kuma duk wanda ya saurara zai ji dangantakar kiɗan da na ƙwaryar 'yan matanmu. Filin da aka buɗe don tashen yara wuri ne da za a iya gayyatar maƙwabcin da ba ya azumi ya zo ya zauna ya kalla, kamar yadda ake yi a garin nan kafin a raba mu. Taron sasanci a otal an yi su da yawa. Dariya tare a kan tabarma ɗaya ce muka daɗe ba mu gwada ba.

Lokaci kuma ba ya jiranmu. Azumi na matsowa gaba da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, ya riga ya kama hanyar fita daga bazara, kuma a 2030 cikin sanyin Janairu za a fara shi. Ba zai dawo wannan yanayi ba sai bayan kusan shekara talatin, lokacin da yaran da muke magana a kansu sun zama iyaye. Ko su ba 'ya'yansu labarin wasan da suka yi da kansu, ko su ce sun dai ji ana faɗa, wannan ya dogara ga abin da muka yanke a 'yan shekarun nan.

Ina roƙon masu unguwanninmu da limamanmu, Allah ya ƙara musu lafiya, su sa maganar tashe cikin abin da za a tattauna kafin azumi mai zuwa, tare da maganar tafsiri da ciyarwa. Iyaye mata, ku koya wa 'ya'yanku waƙoƙin da kuka yi kuna ƙanana. Kai kuma maigida, idan ka ji kiɗan gwangwani a ƙofarka ranar goma ga wata, ka tashi ka buɗe musu, ka ce su shigo su yi.